Agwaluma a Bishiyar Darbejiya

Wani ne can wajen Ibeto, matarsa Ruka na da ciki, kwaɗayin agwaluma ya taso ta gaba. Tuwo ba ya shiga, kunu ba ya zama. Ita dai agwaluma.

Gogan naka ya hau mashin sai kasuwar Kontagora. Ya tarar da wata Patience ta kasa ta a faranti.

Ya ce, "Madam, wannan abar tana da zaƙi kuwa?"

Ta ce, "Sosai. Can kurmi ba a hawa a tsinko ta. Sai ta faɗo da kanta, ita ce mai zaƙi."

Ya riƙe maganar nan gam, ya sayi leda guda.

Da isarsa gida Ruka ta miƙo hannu, yawu har ya tsinke mata. Ya ce, "Tsaya, abin da ƙa'idarsa." Bawan Allah ya nemo zare, ya haye darbejiyar tsakar gida, ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya a can ƙololuwa.

Ta ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Sai sun faɗo da kansu."

Ta ce, "Ba ni ko ɗaya in lasa."

Ya ce, "Ke kika je Kontagora ko ni?"

Ruka ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, ido a sama har wuya ya ƙage. Kwana biyu shiru. Da ta ɗauko gora za ta kaɗo su, sai ya ƙwace ya ɓoye. Wallahi har ni ta ba ni tausayi.

Rana ta uku ya ce ƙila ɗaurin ne ya yi ƙarfi, bari ya sassauta musu kaɗan. Ya hau. Yana miƙa hannu reshe ya ce ɓaras, sai ga shi tim a ƙasa, agwaluma na ta zubo masa a ka.

Ruka ko kallonsa ba ta yi ba, ta wawuri ɗaya ta kai baki.

Yana riƙe da ƙugu yana nishi ya ce, "Kar ki sha. Ba da kansu suka faɗo ba, ni na faɗo da su. A mayar da su sama."

Ta tofar da ƙwallo ta ce, "Su dai sun nuna. Kai za a mayar a ɗaure, mu ga ranar da za ka nuna."