Yanyawar da ta Addabi Kajin Amarya

"Sannu da hutawa, ango. Ashe har yanzu kana numfashi?"

"Ina nan daram, amarya. Wa ya koro ki kike haki haka?"

Jikarsa ce, mai kiwon kaji a bayan gari. Cikin kwana shida yanyawa ta kwashe mata kaji tara, yau kuwa da asuba ta gan ta tana jan ta goma. Shi ya sa ta zo wurin kakanta, tsohon maharbi, ta same shi a inuwar ƙofar gida yana goge bindiga da tsumma.

"Bindigar nan na zo aro, tunda ta zama sandar dogarawa."

"Ke da ƙarar murfin tukunya ke firgitawa? Ni da wannan na taɓa kashe yanyawa uku da harsashi ɗaya."

"Bara biyu ka ce."

"Ta ukun daga baya ta mutu, da baƙin ciki."

Ta danne dariya. "To faɗa min yadda ake yi, kafin ka manta."

"Da rana kwana take a bakin rami, hanci a buɗe. Ki sa iska ta riƙa bugun fuskarki, rana kuma tana bayanki. Wannan turaren da kika yi wanka da shi kuwa, ko mai mura zai ji ki daga nesa."

"Kai kuma warin tsufa fa?"

"Shi ta sani, gaisawa muke. Da yamma kuwa ba a bin ta, jiran ta ake yi. Inda ta bi jiya, nan za ta bi yau. Sai a zauna shiru, abin da ba ki taɓa yi ba tun da aka haife ki."

"Gani ya kori ji. Tashi mu je, in gwiwar za ta yarda."

Rana ta yi ja lokacin da suka laɓe bayan tarin itace, suna kallon inda aka tone ƙarƙashin wayar akurki. Tsoho ya kafa leɓe a bayan hannunsa, ya tsotso wani siririn kuka irin na ɓera.

"Ashe rashin haƙori yana da rana," ta ce cikin raɗa.

"Rufe baki. Ga ta can."

Sai ga kunnuwa biyu tsaye a cikin ciyawa. Ya ɗaga bindigar, amma jikar ta ga bakin bindigar yana rawa. Ya sauke a hankali, ya miƙa mata.

"Duba bayanta. Ba mutum, ba dabba?"

"Tudu ne kawai."

"Manna gindin a kafaɗa. Bari ta ba ki gefe. Saki numfashi, ki ja kunamar a hankali."

Ƙarar ta tashi, kaji suka kaure da kuka. Yanyawa ta yi tsalle ɗaya ta faɗi. Jikar ta miƙe tana rawar murna, kafaɗarta na zogi ba ta ko kula ba.

"Ka gani, ango? Harbin farko."

"Ni na kashe ta. Ke yatsa kawai kika ara min."

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da na bar ka, da zakarana ka harbe."

"Da mun ci nama, ai duk riba ce."

Ta tsare shi da ido, hannu a ƙugu. Tsoho ya yi ta dariya har da tari, sannan ya kwance jakar harsashi daga kafaɗarsa ya rataya mata.

"Na sallama, amarya. Damina biyu na yi ina harbin iska kafin na samu ta fari. In kika faɗa wa kowa, na sake ki."