Akurkin Baba Mai Bene

A duk Ogbomosho babu wanda ya san mutuncin kaza irin Baba Olanipekun. Da ya yi ritaya daga koyarwa sai ya koma bayan gida yana ƙera akurki don nishaɗi. Akurki fa mai bene, da baranda, da ƙofar da ke cin kwaɗo biyu. 'Yan unguwa suka sa masa Baba Mai Bene, shi kuwa ya kafa allo: Injiniyan Gidajen Tsuntsaye.

"Kafinta katako yake bugawa," in ji shi, yana gyara babbar rigarsa ta agbada. "Ni muhalli nake tsarawa."

Ciniki kuwa ya buɗe. Tela ya saya, mai aski ya saya, har mai sayar da ƙanƙara ta ɗauki biyu. Baba ya daina amsa gaisuwar wanda bai kwanta ƙasa sosai ba. Bai taɓa tambayar kowa kaji nawa gare shi ba. Babban mutum ba ya ƙidayar kajin talakawa.

Abu ɗaya ya rage masa: kujerar uban ƙungiyar masu kiwon kaji. Ya gayyato shugabarsu, Alhaja Morufat, ya cika ta da amala, sannan ya ja ta zagayen gani da ido.

"Alhaja, yau za ki ga kajin da suka fi wasu mutane wurin kwana."

Suna isa layin masu shaguna aka ɗauke wuta. Nan take akurki ya fara ruri ta ko'ina, hayaƙi na tuɗaɗowa ta barandar bene.

"Wayyo, kaji na ƙonewa!" Baba ya ruga ya leƙa na ƙofar mai aski. Janareta ya gani zaune a ciki, an ɗaure shi da sarƙa. Na tela ma haka. Na mai ƙanƙara, biyun duka.

Lamidi mai aski ya fito ya zube ƙasa. "Baba, Allah ya ƙara basira! Ruwa ba ya taɓa shi, ɓarawo ya gaji ya haƙura."

"To ina kajin?" Alhaja ta tambaya.

"Kaji kuma, Mama? Wa zai saka kaza a nan? Iska ba ta shiga, kwana ɗaya za ta gasu." Ya juyo wajen Baba. "Amma na gaba, don Allah a bar wa salansa ƙofar fitar hayaƙi."