Na Ba Jirgin Sama Mako Guda

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da surukina ya fara taka gidana a unguwar Adjamé, can bakin teku, bayan yaƙin Turawa da kaɗan. Attajirin fata ne a Yamai, kuma tun farko bai so 'yarsa Hajara ta yi nisa ba. Ya sha aiko cewa zai zo ya gani da idonsa, in zaman bai yi masa ba ya koma da ita.

Wata safiya ina rumfata ta goro a kasuwar Treichville aka kawo min saƙon waya: Baba ya taso yau a jirgin sama. Sai na hau lissafi. Ni da zan zo, kusan wata na yi a hanya, a mota zuwa garin Bobo, sannan jirgin ƙasa. Na ce to, jirgin sama an ce da sauri, bari in ba shi mako guda. (Har ina jin na yi masa adalci.)

Ɗakin baƙi na yoyo, saboda haka na rufe rumfa, na sayo sabon kwano, na zo na yaye rufin gaba ɗaya. Hajara ta ce, "Malam, ka tambayi waɗanda suka san abiyon, jirgin saman nan, mana." Na ce da ita Yamai ba bayan gida ba ce.

Da la'asar sakaliya ina bisa katanga, daga ni sai gajeren wando, ƙura ta rufe ni har gira, tabarmi da tukwane zube a tsakar gida. Sai na ji sallama. Wani dattijo ne cikin babbar riga fara sol, tare da wani ɗan garinmu mazaunin Treichville da ya tsince shi a filin jirgi yana ta jiran mai tarba.

Dattijon ya ɗaga kai ya ce, "Sannu da aiki, magini. Maigidan na ciki?"

Wallahi na so katangar ta rufta da ni. Hajara ta durƙusa, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Baba, ai shi ne."

Ya ƙare wa kwanon kallo, ni kuwa a raina na riga na yi sallama da matata. Can ya ce, "Wannan duk don ni ka tayar?" Na ce e, ina in'ina. Sai ya tuɓe rigar ya miƙa wa 'yarsa, ya ce, "Miƙo guduma, hadari na haɗowa."

Tare muka buga rufin. Har ya koma bai ta da maganar tafiya da ita ba.

Tun daga ranar, in aka ce baƙo ya hau jirgin sama, ba na lissafi. Riga nake sawa.