Kare a Mazaunin Kaka

Mako uku ke nan rabon Kaka da shiga ruwa. Tun ranar da santsi ya kwashe shi ya faɗa kogi, jikansa Dogo ya daina tafiya kamun kifi da shi. Yau da safe Kaka ya dogara sanda har bakin ruwa, ya tarar da Duna, baƙin karen Dogo, zaune daram a kan katakon da shi ya shekara arba'in yana zama a cikin kwalekwalen. Ransa ya ɓaci.

"Ka tashi lafiya, tsoho?" in ji Dogo, yana naɗe taru.

"Da ban tashi ba ka gan ni? Wannan ne sabon kakan naka?"

"Shi ne. Ba ya tari, ba ya faɗa, kuma haƙoransa cikakku."

"Kun dace. Dama duk zuriyata kai kaɗai ka yo kamarsa. Jiya me kuka kamo?"

"Tarwaɗa biyu."

"Biyu. Ni da hannu nake damƙo biyu kafin in wanke fuska. Wane kifi ne zai matso, wannan yana haushi kamar ya ga ɓarawo? Kifi na ganinka, mai jar koma."

"Ai da kai nake zuwa ma gudu suke. Ƙarar gwiwarka har ƙasan ruwa ake ji."

Kaka ya buga sanda a ƙasa. "Kai, marar kunya, wa ya koya maka ɗaura ƙugiya? Jirgin nan da hannuna na sassaƙa shi, uwarka ma tana goye. Yau ni za ka bari a gida ina gadin kaji, ka ɗauki mai wutsiya?"

Dogo ya jefar da tarun, muryarsa ta canza. "Mai wutsiyar ya iya iyo. Kai kuwa da wuyan riga na jawo ka, idonka ya juye. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, Kaka. So kake in koma gida in ce musu me?"

"Ka ce masunci ya mutu a ruwa. Ya fi a ce zaman tabarma ya kashe shi."

Dogo ya yi tsaki, ya sunkuya ƙarƙashin katako, ya zaro wata rigar ceto ruwan lemo, sabuwa fil a ledarta.

"Tun shekaranjiya na saye ta. Girman kanka ne na san ba zai shige ta ba."

Kaka ya jujjuya ta. "An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Kore shi daga wurina tukuna."

Dogo ya yi fito, Duna ya koma gaba. Kaka ya zura rigar a baibai, ya zauna yana huci.

"Tuƙa. In kifi bai zo ba, laifin karenka ne. In ya zo, nawa ne."

Dogo ya fashe da dariya, ya tura jirgin cikin ruwa.