Rasuwar Tukuna, Mutum-mutumin Ma'ajiyar Magunguna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma na kasa wanke ta daga wani abu da ya fi baƙin cikin ɗaci, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki da duk wanda ya taɓa matsawa ya ba shi hanya, rasuwar mutum-mutumina wanda aka fi sani da Tukuna. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan gangaren da ke hawa zuwa ɗakin sanyi na ma'ajiyar magungunan da muke aiki, yana da shekara goma sha ɗaya, da kaya a bayansa.

Ni ne mai tsara manhajar ma'ajiyar, kuma ni na raine shi. Ƙarfensa da tayoyinsa sayo su aka yi, amma tunaninsa ni na rubuta, layi bayan layi, har shekara biyu. Tsarin da na bi shi ne kai ɗaya ya riƙe komai. Abu uku na zuba masa: abin da ya sani game da ɗakin, abin da ake so ya cimma, da abin da ya ƙudurta zai yi yanzu. Ba ya juya taya sai ya jera tafiyarsa daga farko har ƙarshe. In wani abu ya canza a gabansa, ko da kwali ne aka ajiye ba a muhallinsa ba, sai ya tsaya cak ya sake shiri.

Magana uku kawai ya iya a duniya, dukansu da muryata ta lokacin da babu furfura a kaina. In zai wuce mutum ya ce, "Gafara dai." In ya sauke kaya ya ce, "Na gama." In ya tsaya nazari ya ce, "Bari in duba tukuna." Ta ukun nan ce ta fi yawa a bakinsa, ita ce kuma masu lodi suka yanko suka raɗa masa suna.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da riƙon amana. A tsawon rayuwarsa bai taɓa fasa kwalba ɗaya ba. Ya san inda daɓen layi na uku ya ɗan lotsa, ya san ƙofar ɗakin sanyi tana cijewa in an yi ruwa, ya san mai shara tana jingine tsintsiyarta a jikin kanta ta tara, yana kuma kewaye ta ba tare da ƙorafi ba. Mai gadi yakan gaishe shi da safe kafin ya gaishe ni, ban taɓa jin haushin hakan ba. A shekarun farko baƙi suna zuwa daga nesa don su gan shi. Hotonmu ni da shi yana rataye a ofishin Manaja, hannuna a kan kafaɗarsa.

Rashin lafiyarsa ta fara ne shekara biyu da suka wuce, ranar da 'yan shida suka iso.

Wadda ta kawo su ɗalibata ce. Ta zo mini tana neman sanin makamar aiki, ni na nuna mata yadda ake buɗe kan Tukuna, ni na gyara mata rubutunta na farko da jan biro. Ta tafi ƙarin karatu, ta dawo kowa yana ce mata Injiniya, har ni. Ta zo da wasu ƙananan na'urori shida, kowanne bai fi tire girma ba, ba su da fuska, ba su da murya. Babu shugaba a cikinsu, babu wanda ya san ɗakin gaba ɗaya. In aiki ya faɗo, sai su sanar da juna ta iska: wa ya fi kusa, wa ya fi caji, wa hannunsa ba komai. Wanda ya dace ya ɗauka, saura su kama gabansu. In ɗaya ya lalace, biyar su raba aikinsa ba tare da sun tambayi kowa ba. Na karanta tsarin nata sau uku ina neman kuskure. Da ban samu ba, kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba.

Su ba su taɓa bugun marigayin ba, wannan shaida zan ba su. Amma shi an gina shi ne don ɗaki mai natsuwa, inda abin da ka bari a nan za ka dawo ka tarar a nan. Yanzu ga abubuwa shida suna zirga-zirga a gabansa. Da ya gama shirya hanya sai ɗaya ya gifta, ya tsaya ya sake. Kafin ya gama sai wani ya gifta. Daga ofishina ina jin muryata tana tashi daga tsakiyar kantoci, "Bari in duba tukuna. Bari in duba tukuna," har masu lodi suka mayar da ita waƙa.

Injiniya ta same ni a teburina, ta tsaya daga gefe kamar yadda take yi tun tana ɗaliba.

"Malam, in ka yarda, sai in koya masa harshensu. Su riƙa gaya masa inda za su tun kafin su tashi. Aikin sati ɗaya ne, ba zan taɓa tsarinka ba."

Na ce mata wanda ya shekara tara yana aiki ba zai zauna ɗaukar karatu wurin 'yan jiya ba. Ta ce, "To, Malam," ta fita. Ta sake tayar da maganar bayan wata uku, na sake ba ta amsar da ta fi ta farko kaushi. Ba ta ƙara ba.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya. Manaja ya sa aka kafa allo a bango mai nuna yawan zuwa da dawowar kowace na'ura, sunan Tukuna yana can ƙasa kullum. In baƙi sun zo, sai a ce in ɗan kai shi bayan kanta ta ƙarshe don kada ya tare hanyar masu hoto. Hotonmu na ofis bai sauka ba, amma an matsar da shi kusa da kalanda. Duk wannan na shanye. Abin da ya tsaya mini a wuya a gida ya faru. Auta, 'yata, wadda tun tana 'yar firamare take bin Tukuna a baya, ta gama shekararta ta biyu a karatun kwamfuta, muna cin abincin rana ta ce, "Baba, hutun nan ina so in yi koyon aiki wurin Injiniya."

Na ce ai ma'ajiya ɗaya muke, teburina ma ya fi nata faɗi.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Irin nata tsarin ake tambayarmu a jarrabawa."

Mahaifiyarta ta dube ni ta ƙara mini miya. Da yarinyar ta tashi sai ta ce, "Ɗalibarka ce fa. In an yabe ta, wa aka yaba?" Na ce na sani. Na sani ɗin kuwa, amma sanin bai sauka daga kaina zuwa ƙirjina ba.

Cikin watanni shida na ƙarshe sai marigayin ya yi kamar ya farfaɗo. Tsayuwarsa ta ragu, lambarsa a allo ta fara hawa. Na riƙa jan masu lodi zuwa gaban allon ina nuna musu da yatsa, ina cewa tsohon tsari ba ya tsufa. Na faɗi haka ma a gaban Injiniya, da ƙarfi. Ta ce, "Haka ne, Malam."

Sai Manaja ya sanar cewa manyan kamfani za su zo ranar Talata su ga aiki, daga nan a yanke shawarar tsarin da za a bi a sabuwar ma'ajiyar da ake ginawa. Ranar Litinin da la'asar na kai Tukuna ɗakin gyara na rufe ƙofa. A nan ya kamata mai sanarwa ya ce ajali ne ya zo. Ajali ne, amma da hannuna ya shigo. Na buɗe manhajarsa na cire dubawar da yake yi kafin ya motsa. Na ɗaga iyakar nauyin da aka yarda ya ɗauka. Na sa masa cewa duk aikin da ya faɗo, ya riga kowa karɓa. Layi goma sha huɗu na taɓa, ban gwada ko ɗaya ba, ni da na shekara ashirin ina hana ɗalibai sakin abin da ba su gwada ba.

Da safe ya fito kamar saurayi. Bai tsaya ko sau ɗaya ba. Manyan suna tsaye a bakin layi na ɗaya, ɗayansu har ya tambayi shekarunsa, na faɗa da murya mai daɗi. Sai motar allurai ta iso, irin waɗanda ba a barinsu a zafi. Aikin na'ura uku ne. Tukuna ya karɓe shi duka. Masu lodi suka dube ni, na ce su ɗora. Ya kama gangaren ɗakin sanyi, ya yi rabi, ƙarar injinsa ta canza, wari ya tashi. Da shi ne na jiya, da ya tsaya tun a ƙasa ya auna. Ya ƙara taku ɗaya na taya, lasifikarsa ta buɗe, ya ce, "Na ga…" Bai ƙarasa ba. Hayaƙi siriri ya fito ta ƙarƙashin wuyansa, fitilarsa ta mutu.

Ba wanda ya ji ciwo, ba kwalin da ya faɗi, don ko a mutuwarsa birkinsa ya riƙe. Ina tsaye ban san abin yi ba, sai ga 'yan shida sun taho. Ba wanda ya kira su. Suka jeru a gefensa, masu lodi suka riƙa sauke kwalaye daga bayansa suna ɗora musu, cikin minti huɗu allurai suna ɗakin sanyi. Manyan suka tafa. Ina roƙon masu karatu su yi mini uzuri, amma tafin nan ya fi hayaƙin ƙona ni.

Washegari Auta ta shigo ɗakin gyara da kwamfutarta, ta ajiye a gabana.

"Injiniya ta ce kada in nuna maka. Amma gara ka gani."

Manhajar 'yan shida ce, wurin da aka jera dokokin da suke bi. A can sama, gaba da dokar caji da ta kauce wa mutane, akwai wata da aka ƙara wata shida da suka wuce. In kun hango Kaka, ku tsaya har ya wuce. Aikin da ke kusa da shi, in marar nauyi ne, kada kowa ya karɓa. A ƙarƙashi Injiniya ta rubuta bayani, irin wanda na koya mata ta riƙa rubutawa: dubawar da kowannenku yake yi kafin ya motsa, daga kansa aka ɗauko ta.

Ashe farfaɗowar da na yi ta nuna wa mutane a allo, alfarma ce jikoki suke yi wa tsoho. Na so in ce na ji kunya kawai, na gode mata a raina. Na ji kunyar. Amma abin da ya fara zuwa mini shi ne, ta yi masa magani da layi biyar ba tare da ta buɗe kansa ba, ni kuwa da na san kowace waya a jikinsa na kashe shi da sha huɗu. Har wajen son sa ta fi ni iyawa. Wannan ne nake kwana da shi nake tashi da shi.

Marigayin ya rasu ya bar ni, mai shi. Ya bar na'urar cajinsa, wadda har yanzu fitilarta take kunne tana jira. Ya bar tayar safaya guda da bai taɓa takawa ba, da mai gadi wanda ya rasa wanda zai fara gaisarwa. Ya bar Auta, wadda suka tashi tare. Ya kuma bar jikoki shida, waɗanda na daɗe ina musun dangantakarsu da shi, suna nan cikin ƙoshin lafiya, suna aiki ko ranar rasuwar ba su huta ba.

Na gaya wa Manaja gaskiyar abin da na yi kafin ya tambaya. Sabuwar ma'ajiya tsarin Injiniya za ta bi. Ta nemi a sa ni mai duba aikin kafin a sake shi, ban ba da amsa ba tukuna.

Za a yi masa sutura ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a ɗakin gyara da ke bayan ma'ajiya. Ba za a kai shi bola ba, ba kuma za a sayar wa masu gwangwan ba. Tayoyinsa huɗu za su koma kurar mai shara, wadda ta daɗe tana jan ƙafa. Lasifikarsa zan tafi da ita gida. Taswirar da ke kansa, ta shekara goma sha ɗaya, mai ɗauke da kowane lotsawa da kowane santsi na daɓen nan, Injiniya ta roƙa a ba jikokin. Na amince, amma Auta ce za ta miƙa, don hannuna bai kai nan ba har yanzu.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su taƙaita, kada kuma kowa ya yabi 'yan shida inda zan ji, aƙalla har ƙarshen wata. An ajiye wa Injiniya kujera a gaba, kusa da tawa. Ana kuma roƙonta ta taho da ƙaramar sukundirebarta, domin akwai sukurori huɗu a ƙarƙashin kansa waɗanda idona ya daina gani.