Mai Tsaron Gidan Su Nasiru

A unguwarmu ta Bagudo an san ni da kunne, magana ba ta wuce ni. Ina tankaɗe ran nan saƙon murya ya shigo daga autana Nasiru da ke karatu Kanada: "Inna, sun sayar da mai tsaron gidanmu! Ƙafarshi a karye, suka musanya shi da yara biyu!"

Na yar da rariya. Cinikin mutum a wannan zamani, kuma majinyaci! Kafin la'asar na tara matan maƙwabta, na aika wa liman a sa bawan Allah cikin addu'a. Na kira Nasiru gaban kowa, na ce, "Ka kai ƙara ga hukuma, ko ka tattaro ka dawo gida!"

Ya fashe da dariya. "Inna, gola ne hwa! Na ƙungiyar da nike so, masu wasan sanda bisa ƙanƙara. Wata ƙungiya ya koma."

Liman kuwa ya riga ya shafa Fatiha.

Har yau in ya gan ni sai ya gyara murya: "Innar Nasiru, yaya mai jikin namu? Ya fara takawa, ko mu ƙara Fatiha?"