Keken da Aka Ba 'Yata Sau Uku

Jama'a, ku taya ni murna. Jiya Alhamis matata ta yi fashi da rana tsaka, ni na rufa mata baya, kuma wallahi rabona da farin ciki irin wannan tun ranar ɗaurin aurenmu.

Ga yadda aka yi. 'Yarmu Nana Hauwa shekararta tara, shan inna ya taɓa mata ƙafafu tun tana goye. Ni nake saɓa ta a kafaɗa daga Yakasai zuwa wurin gashin ƙashi, inda Malama Safiya take fama da yara arba'in da hannu biyu da tabarma ɗaya. Kwanaki yarinya ta ce ta gaji. "Baba, na girma. Ba za a ƙara ɗauka ta kamar buhun gero ana kallona ba." Ta daina zuwa gashi, ta daina zuwa makaranta. Hankalina ya tashi, don Malama ta ce in ƙafar ta sandare, shi ke nan.

Sai ga soja sun koma bariki, aka ce romon dimokuraɗiyya yana tafe. Ya kuwa iso! Mai Girma Uban Marasa Gata, Sarkin Yanka Kirtani, Allah ya ƙara wa babbar rigarsa sitati, ya zo Ƙofar Ruwa rabon keken guragu guda goma. Aka ɗora Nana, aka ɗau hoto, aka yi tafi. Motarsa na tashi, wani mai fayil, Jibrin, ya ce a sauko, za a kai kekunan a sa musu lamba.

Bayan mako biyu aka kira mu Ƙofar Dawanau. Keke goma, hoto, tafi, a sauko. Nana ta raɗa mini, "Baba, nawa ne na rannan, ga zaren da na ɗaura masa." Da yamma muka ji an ce an raba ashirin. Kai, albarka!

Na kai kuka wurin maƙwabcina Muttaka tela. Ya ce, "Malam Baffa, ba ka san siyasa ba. Keken ne yake zagayen godiya."

Jiya suka yi kuskuren kawo rabon unguwarmu. Ana cikin tafi, 'Yardada, uwar Nana, ta ci ɗamara da mayafi, ta cafki keken da yarinyar a kai, ta faɗa lungu. Ina binta ina haki, Jibrin yana bina da fayil, motar kwasar kekuna ta cije a bakin lungu, Nana tana ƙyalƙyala dariya tana "Inna, ƙara wuta!"

A jikin zaurenmu kuwa an rubuta da gawayi: BA A SHIGA. Jibrin ɗan birni ne, ya san gidan matan aure. Ya ja birki, ya yi sallama har sau uku.

"Malam Baffa, a taimaka a fito da kayan hukuma."

"Ai a lasifika aka ce kyauta ce."

"Kyauta ce, amma akwai rabo ranar Asabar."

Na ce, "Ni mai gidan ma, in ta ɗaure fuska, a nan zaure nake tsayawa. Bismilla."

Daga ciki 'Yardada ta buga taɓarya a ƙasa. "Ya shigo mana!"

Jibrin ya share gumi, ya rage murya. "Sau nawa aka ba ta keken nan?"

"Uku."

Ya rufe fayil. "To, ni lungunan nan rikita ni suke. Ban ga inda kuka shiga ba."

Yau da safe Nana ta kai kanta wurin gashi. Ta hana ni taɓa keken, ina tafe a baya ina share hawaye da hula. Malama Safiya ta rangaɗa guɗa.

Ranka ya daɗe, mun gode ƙwarai. Amma gobe a riƙe ragowar taran da kyau, don iyayen sauran yaran sun tambaye ni inda za a yi rabo, da ko akwai lungu a kusa.